Matakan Hawa Dutsen Tubkal da Zama da Mutanen Kwarin Imlil

Ba a rasa Hausawa a Maroko. Akwai masu ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas, akwai ɗalibai da 'yan kasuwa, akwai kuma wanda jirgi ya yada zango da shi a Kasablanka ya ce bari ya ɗan zaga. Mafi yawansu in sun je Marrakesh, kasuwa da dandalin Jami'ul Fana suke gani su juyo. Alhali in gari ya yi garau, daga kan soron masauki mutum zai hango duwatsun Atlas ta kudu sun tokare sama, kawunansu fari fat in lokacin sanyi ne. A cikinsu akwai Tubkal, mai tsayin mita 4,167, wanda babu dutsen da ya kai shi a Arewacin Afirka da duk ƙasashen Larabawa. Tsakaninsa da Marrakesh bai fi kilomita 65 ba, kuma in ba lokacin ƙanƙara ba ne, ba a buƙatar igiya ko wata ƙwarewa. Ƙafa ce da haƙuri.

Kamfanonin yawon buɗe ido suna sayar da tafiyar a kwana biyu: a ɗauko ka daga otal da safe, a kai ka sama, a dawo da kai washegari da yamma. Ban ba ka shawarar haka ba. Bature yakan zo da takalmin da ya dace da jikin da ya saba da sanyi, amma iyakarsa bakin ƙofar masallaci, domin a Maroko ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga, in ka cire babban masallacin Hassan na Biyu a Kasablanka. Kai kuwa sallamarka da sallarka za su shigar da kai inda shi bai isa ba, sai dai jikinka bai san sanyin can ba, bai kuma san ƙarancin iskar can ba. In ka yi gaggawa, ka yi asarar abin da ka fi shi, sannan ka tona abin da ya fi ka. Shi ya sa na tsara matakan nan a kan kwana biyar.

Mataki na ɗaya: likita kafin tikiti

Wannan ne matakin da littattafan Turawa ba za su tuna maka ba, domin ba matsalarsu ba ce. Ka san rukunin jininka. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yana ɗauke da AS, kuma da yawa ba su taɓa jin ko ɗar ba a rayuwarsu. Amma a saman dutse iska sirara ce. A tsayin mita 4,000, kowane numfashi yana shigar maka da kamar kashi 60 cikin 100 na iskar da kake samu a bakin teku. In iska ta yi ƙaranci, ga gajiya, ga ƙishirwa, ƙwayoyin jinin mai AS suna iya lanƙwashewa su toshe hanyoyin jinin saifa. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a ƙasan haƙarƙarin hagu. Mai sikila cikakkiya, wato SS ko SC, ya haƙura da ƙololuwa baki ɗaya. Ƙauyukan kwarin ma sai likitansa ya yarda. Mai AS ya zauna da likita ya faɗa masa tsayin da za shi da lambarsa. Haka mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai asma da mace mai juna biyu.

Don ka gane girman abin: Kano ba ta kai mita 500 daga matakin teku ba, Jos tana wajen 1,200, Bagzan da ke Abzin ya ɗan haura 2,000, sannan Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda shi ne ƙarshen tsayi a Najeriya, 2,419 ne. Ciwon tsauni yakan fara taɓa mutane daga mita 2,500. Ke nan ba wurin da za ka je a gida ka gwada kanka. Akwai maganin da ake kira acetazolamide mai taimaka wa jiki ya saba, amma likita ne zai ce ka sha ko kada ka sha, ba mai kemis ba.

Sannan ka horar da ƙafa. Wata biyu kafin tafiya ka riƙa tafiyar awa biyu zuwa uku da jaka a baya, ka nemi tudu ko matakalar bene ka hau ka sauko har cinya ta san ana yi.

Mataki na biyu: zaɓen lokaci

Mayu zuwa Yuni, ko Satumba zuwa tsakiyar Oktoba. Daga Nuwamba har Afrilu dutsen yana lulluɓe da ƙanƙara, sai da ƙarafa masu haƙora a ƙasan takalmi da gatarin ƙanƙara, kuma wannan ba na ɗan koyo ba ne. A Yuli da Agusta ana hawa, amma Marrakesh tana haura digiri 40, kuma hadari kan haɗu da rana tsaka a saman duwatsu ya sako ruwa cikin kwari ba zato. Mutanen yankin ba su manta ambaliyar Agustan 1995 ba, wadda ta ci rayuka masu yawa, musamman a kwarin Urika da ke maƙwabtaka.

Kada ka zo da azumi. Kai za ka ce matafiyi ne, kana da sauƙi, amma ja-gora da mai alfadari a gida suke, da ƙishirwa za su bi ka. In kuwa ka dace da kwanakin Babbar Sallah, aiki yana tsayawa, kowa yana wajen iyalinsa, sai dai za ka ga Bilmawan, wasan da samari ke sa fatun ragunan layya su zaga gari suna tsokanar mutane.

Mataki na uku: takardu, kuɗi da hanya

Ɗan Najeriya sai da biza; mai fasfon wata ƙasa ya tambayi ofishin jakadancin Maroko abin da ya hau kansa, domin dokar ta bambanta. Royal Air Maroc yana tashi daga Legas, Abuja da Yamai zuwa Kasablanka. Daga filin jirgin akwai jirgin ƙasa zuwa tashar Casa Voyageurs, daga nan kuma zuwa Marrakesh cikin kamar awa uku. Ka canji dirhami isasshe tun a Marrakesh, ka nemi ƙananan takardu da silalla, don a ƙauye kuɗin hannu ake sani. Ka yanki inshorar da ta ambaci hawa sama da mita 4,000 ƙarara.

Daga Marrakesh manyan tasi na haɗaka, masu ɗaukar mutum shida, suna zuwa Asni, wasu har Imlil. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu ce. In ranar Asabar ce ka sauka Asni ka ci kasuwa.

Mataki na huɗu: kaya

Kowace mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da digiri 6 da ɗoriya. Daga Marrakesh zuwa ƙololuwa bambancin ya haura digiri 20, ban da iska. Rigar sanyi ɗaya mai kauri ba ta yi. Sai dai riguna uku ko huɗu marasa nauyi, wata kan wata, ta saman ta zama mai tare iska da ruwa, don ka riƙa cirewa kana mayarwa. Rigar auduga a jikin fata tana shan gumi ta sanyaya, ka guje mata. Safar hannu, hular sanyi mai rufe kunne, tocila ta goshi, tabarau mai duhu, man leɓe, da man kare fata daga rana. Kada ka ce baƙar fata ba ta ƙuna. A can tana yi. Rawani yana da amfani sosai, mutanen can ma suna naɗawa.

Takalmi shi ne uwa uba: mai rufe idon sawu, mai ƙasa mai kaushi, wanda ka riga ka taka a gida har ya saba da ƙafarka. Sandunan dogarawa, jakar barci da jibgegiyar rigar sanyi duk ana haya a shagunan Imlil, ba sai ka saya ba. Mace za ta iya sa wando mai kauri da riga har gwiwa da ɗan ƙaramin hijabi. Doguwar abaya kuwa haɗari ce a kan tsakuwa.

Mataki na biyar: ka yi kwana biyu a ƙauye kafin ka ɗaga ƙafa

Imlil tana wajen mita 1,750. Ƙaramin gari ne na shaguna da masaukai, ƙauyukan ainihi suna manne a jikin duwatsu kewaye da shi, kamar Arumd da ke sama kaɗan. Mutanen kwarin ana ce musu Ait Mizan. Amazigawa ne, ba Larabawa ba, harshensu Tashelhit, ɗan'uwan Tamashek na Buzaye. Rubutun Tifinag da za ka gani a allunan makarantu da ofisoshi, tun bayan da tsarin mulkin 2011 ya mai da Amazig harshen hukuma, wanda ya zauna Agadas zai ga kamanninsa da na Buzaye. Suna jin Larabcin Maroko, masu hulɗa da baƙi suna jin Faransanci da Ingilishi. Larabcin makaranta yana aiki da liman da malamai. A kasuwa za a gane ka, a amsa maka da murmushi.

Ka sauka a gidan iyali, irin waɗanda suka ware ɗakuna don baƙi, maimakon otal. Kwana biyun nan aiki biyu suke yi. Na farko, jiki yana sabawa: rana ɗaya ka hau mashigin Tamatart, mai mita 2,279, ko na Mzik, mai kusan 2,500, ka sauko ka kwana a ƙasa. Na biyu, mutane suna saba ganin fuskarka.

Fara da masallaci. Malikawa ne, da ruwayar Warshu suke karatu, za ka ga masu sakin hannu a sahu, za ka ga allon katako, za ka ga fa'un mai ɗigo a ƙasa da ƙafun mai ɗigo ɗaya a sama kamar yadda aka koya mana a makarantar allo. Bayan Magariba kada ka yi saurin fita. Ana zama a karanta izu ɗaya da murya ɗaya, a sake karanta wani bayan Asuba, ta haka ake sauke Alƙur'ani duk wata. In ka zauna ka bi su ko da a hankali ne, kafin ka sa takalmi wani dattijo ya riƙe hannunka yana tambayar daga ina. Ka sani dai masallatai da yawa ana rufe su tsakanin salla da salla.

Gaisuwa ba ta da wuya. Sallama, sannan "la bas", a amsa da "la bas, alhamdu lillah", a gaisa a kai hannu ƙirji. In za ka yi godiya ka ce "tanmirt". Ruwa "aman", gurasa "agrum". Waɗannan sun isa su sa tsohuwa dariya, kuma dariyar tsohuwa a ƙauye ba ƙaramar riba ba ce.

In an kira ka shayi, ka je. Ka cire takalmi kafin ka taka darduma. Za a kawo buta da tasa a zuba maka ka wanke hannu. Shayin kore ne da na'ana'a da sukari mai yawa, mai gida ne ke haɗawa, yana zubawa daga sama don ya yi kumfa. Kada ka karɓi butar ka ce za ka taya shi. Za a ajiye gurasa, man zaitun, zuma, da 'ya'yan jauz da ke cika kwarin. In abinci ne, tajin ko kuskus na ranar Juma'a, akushi ɗaya ne, kowa ya ci gabansa da hannun dama, gurasa ce cokali. Naman da ke tsakiya ba a kai masa hannu sai mai gida ya raba. Za a yi ta ce maka ka ci. In ka ƙoshi ka ce alhamdu lillah ka janye hannu, in ba haka ba ba za a daina tura maka ba.

Tsarabar da suka sani ita ce dunƙulen sukari, babba mai tsini, da ganyen shayi. Ana samunsu a kowane shago. Goro ba ya cikin al'adarsu, za su karɓa don kara ne kawai. Hular zanna ko ɗan turare ya fi. Kada ka miƙa kuɗi don an ba ka shayi a gida, cin fuska ne. Amma in mai shago ne ya ba ka shayi yana baza maka dardumai, wannan ciniki ne, ka sha, ka taya, in bai yi maka ba ka yi godiya ka tashi.

Mata su ne ƙashin bayan aikin kwarin. Za ka gamu da su a siririyar hanya da dammunan ciyawa a baya waɗanda suka fi su girma. Ka kauce ka ba su hanya, ka yi sallama, kada ka miƙa hannu sai in su suka miƙo, kada kuma ka ɗaga waya ka ɗauki hoto. Baƙuwa mace tana da gata a nan, domin ita za a ja har madafa ta ga yadda ake gasa gurasa a tanderun ƙasa. Yara za su bi ka suna neman biro ko alewa ko dirhami. Baƙin da suka gabace ka ne suka koya musu, kuma iyayensu ba sa so. Mai niyyar alheri ya kai wa malamin makaranta ko liman.

Ka lura da ruwa. Gonakin nan an sassaƙa su ne hawa-hawa a jikin dutse, ana shuka sha'ir, masara, dankali da albasa, ga tuffa da ceri. Ƙananan magudanai ne ke kai musu ruwan ƙanƙarar da ta narke, kuma kowane gida yana da ranarsa da sa'arsa. Kada ka sa sabulu a magudana, kada ka matsar da dutsen da ka ga an tare ruwa da shi, domin rabon wani ne ka karkatar.

Abu biyu masu nauyi. A daren 8 ga Satumba 2023 girgizar ƙasa mai ƙarfin 6.8 ta afka wa lardin Al Hauz, inda kwarin yake, ta kashe mutum kusan 3,000. A hanyar Asni da Mulai Brahim za ka ga alamunta. Da wuya ka zauna da mutumin da bai rasa wani nasa ko wani sani ba. In zancen ya taso ka yi ta'aziyya kamar yadda ka iya, kada ka mai da kangon gidan mutum abin ɗaukar hoto. Na biyu, launin fatarka. A birane wani zai ɗauke ka ɗan ci-rani mai neman tsallakawa Turai, wani yaro ma ya jefo kalmar da ba ta da daɗi. A ƙauyen dutse abin ya fi zama mamaki da tambaya, kuma ƙwallon ƙafa ce ke fara buɗe hira da samari. Fasfo dai kada ya bar jikinka.

Mataki na shida: ja-gora da alfadari

A Disambar 2018 wasu masu iƙirarin jihadi, waɗanda ba 'yan kwarin ba ne, suka kashe 'yan mata biyu, ɗaya daga Denmark ɗaya daga Norway, a kan hanyar dutsen. Tun daga nan ba a barin baƙo ya hau ba ja-gora, kuma akwai shingayen jandarmomi inda ake rubuta lambar fasfo. Mutanen Imlil suna jin ciwon wannan labari, domin ya taɓa sunansu da abincinsu. Ba abin da za ka buɗe hira da shi ba ne.

Akwai ofishin ja-gorori a tsakiyar Imlil. Ka je can, ko ka bi ta hannun mai masaukinka, ka nemi ganin katin shaida. Ku yi magana ta ƙare tun a ƙasa: kwana nawa, wa zai biya masaukin sama da abinci, kuɗin alfadari nawa, kuma in jiki ya ƙi aka juyo, yaya lissafi zai kasance. Ka faɗa masa in kana da AS ko wani ciwo. Ka faɗa masa za ka tsaya salla. Ɗaukar ja-gora a nan ya fi biyan kamfani a Marrakesh, don kuɗin yana zama a kwarin.

Alfadari yana kai kaya har masaukin sama in babu ƙanƙara. Ka dubi dabbar kafin a ɗora mata: in akwai gyambo a baya ko linzami ya yanka mata baki, ka nemi wata. Kada ka haɗa mata kaya da kanka. A hanya in alfadari ya taho, ka raɓe ta ɓangaren dutse, ba ta ɓangaren rami ba, don kayan da ke gefensa suna iya ture ka.

Mataki na bakwai: daga Imlil zuwa masaukin sama

Awa biyar zuwa shida, hawan kusan mita 1,450. Ka tashi da sassafe. Hanya tana bi ta ƙarƙashin itatuwa zuwa Arumd, ta ratsa wani faffaɗan fili na duwatsun da ambaliya ta zubar, sannan ta fara hawa. Mutanen can suna cewa "imik s imik", wato kaɗan-kaɗan, kuma shi ne dukan ilmin hawa dutse. In ba ka iya magana kana tafiya, ka yi sauri da yawa. Ka sha ruwa lita uku ko fiye a yini, na gora ko wanda aka tafasa.

A wajen mita 2,300 za ka iso Sidi Shamharush, inda wani ƙaton dutse da aka shafe da farin fenti yake zaune a gefen ƙorama, da tutoci da 'yan shaguna masu matsa lemo. Mutanen ƙasar suna cewa wurin sarkin aljanu ne, ana zuwa daga nesa da marasa lafiya da dabbar yanka. Cikin masu zuwa akwai Gnawa, jikokin waɗanda aka ƙetaro da su Sahara a zamanin bauta, waɗanda har yau waƙoƙinsu ke ambaton Bambara da Fulani da Hausa, kuma UNESCO ta sa kiɗansu cikin kayan gadon duniya a 2019. Wanda ya san bori zai ga abin da zai gane. Wanda ba Musulmi ba ba ya tsallaka gadar zuwa wurin dutsen. Kai kana iya tsallakawa, kana iya wucewa abinka. Ko mene ne ra'ayinka a kan irin wannan ziyara, baƙon yini ɗaya ba shi ne mai wa'azi ba. Ka sha lemonka ku ci gaba.

Daga nan itatuwa sun ƙare, sai dutse da awaki.

Mataki na takwas: daren mita 3,207

Masaukai biyu ne a jere: na ƙungiyar Club Alpin Français, wanda aka fi sani da Neltner, da Les Mouflons. A kama wuri tun kafin a taso. Gadaje ne masu hawa biyu a ɗaki ɗaya, maza da mata a haɗe. Mai iyali ya nemi ƙaramin ɗaki da wuri. Ka ci abinci ko ba ka jin yunwa. Barci ba zai yi daɗi ba, zuciya za ta riƙa bugawa da sauri, wannan ba abin tsoro ba ne. Ɗan ciwon kai ma an saba. Amma in ciwon kan ya ƙi jin magani, ga amai, ko mutum ya fara tangaɗi, ko magana ta rikice, ko haki yana zaune, ko tari mai kumfa, ko ciwon nan na haƙarƙarin hagu, magani ɗaya ne: a sauka, ko da tsakar dare ne. Kada ka ɓoye wa ja-gora don kunyar abokan tafiya.

Ruwan famfon yana sa yatsu su ƙage. Ka roƙi ruwan ɗumi a madafa don alwala. A Maroko ma za ka ga sulɓaɓɓen dutsen taimama a masallatai, ga wanda ruwa zai cutar.

Mataki na tara: ƙololuwa

Ana tashi tsakanin ƙarfe huɗu da biyar na dare da tocila a goshi. Saura mita 960, awa uku zuwa huɗu. Asuba za ta same ku a hanya, ja-gora ya san inda akwai ɗan fili. Farkon hawan ne ya fi cin rai: manyan duwatsu, sannan tsakuwa mai zamewa, kamar mai hawa tsibin gero a masussuka, ka taka biyu ka dawo ɗaya. A nan sanduna ke biyan kuɗin hayarsu. Sau da yawa za ka ga kamar ga ƙarshe nan, ka isa ka tarar da wani tudun a bayansa. A kusan mita 4,000 za ku fito kan mashigin Tubkal, iska ta buge ka, duniyar kudu ta buɗe. Daga nan hanya tana bin gefen rami. Ba wuya, amma ba wurin wasa da waya ba ne.

A saman akwai wata dala ta ƙarfe. In gari ya waye sarai za ka ga filin Marrakesh ta arewa, ta kudu kuma Jabal Sirwa da busassun duwatsun da ke gangarawa Sahara. Littattafai sun ce wasu Faransawa uku, ƙarƙashin Marquis de Segonzac, su ne suka fara hawa a Yunin 1923. Su ne dai suka fara rubutawa; da wuya a ce makiyaya da mafarautan kwarin ba su riga su ba. Minti ashirin zuwa talatin ya isa, sanyi ba zai bar ka ka wuce haka ba.

In ƙafarka da sauran ƙarfi kuma ja-gora ya yarda, ku sauko ta hanyar arewa. A kan wani tsauni da ake kira Tibherin akwai inji da tarkacen jirgin sama da ya faɗi a ƙarshen 1969, yana ɗauke da kayan yaƙi zuwa Biyafara. Ɗan Najeriya ba zai wuce wurin bai tsaya ba.

Mataki na goma: saukowa da sallama

Saukowa ta fi hawa kayar da mutane, don gwiwa ta gaji kuma hankali ya riga ya tafi gida. Ka yanke farcen ƙafa tun kafin ranar hawa, ka ɗaure takalmi tam, ka riƙa dasa dunduniya a tsakuwa, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Awa biyu zuwa uku ce zuwa masauki, sannan wasu huɗu zuwa Imlil. Mai iko ya ƙara kwana a sama ya sauko da safe. Duk ledar da ka hau da ita ka sauko da ita.

Ban da kuɗin da kuka yi yarjejeniya, ana ba da ihsani. Ka ba ja-gora nasa, ka ba mai alfadari da mai dafa abinci nasu hannu da hannu, kowa daban, kada ka dunƙula ka ce a raba. Safar hannu ko rigar sanyin da ba za ta yi maka amfani a Katsina ko Maraɗi ba, mai alfadari zai more ta har bazara. Ka koma gidan da aka ba ka shayi ka yi ban kwana, ka leƙa masallaci ka sallami liman. In ka yi alkawarin aiko da hoto, ka karɓi lambar waya a wurin namijin gidan, ka kuma aiko.

Tasin Imlil sun fi cika da safe. In ka bari rana ta yi, ko ka jira ko ka biya kujerun da ba kowa. Kada ka sa ranar jirginka washegarin saukowa. Ka bar yini ɗaya a Marrakesh ka shiga gidan wankan zafi na unguwa, domin ciwon cinya sai a rana ta biyu yake isowa sosai, kuma matakalar tashar jirgin ƙasa da akwati a hannu tana jiran ka.